Ƙuraje sun feso wa Inna a ɓarin baki, dangi sun ce matata ce ta zuba mata wani abu

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Mahaifiyata ta haura shekara 65. Kwana 8 da suka wuce ta fara kukan ciwon haƙori a ƙasa ta hagu, ciwon da ya hana ta barci. Muka sayo magani a kemis, bai yi ba. Ranar kasuwa aka kai ta wurin mai cire haƙori, ya cire mata turmi ɗaya, ciwon ko gezau. Shekaranjiya sai ga ƙuraje masu ruwa sun feso mata a leɓen ƙasa da haɓa har zuwa gaban kunne. Cikin baki kuma gefen harshe da dasashi duk sun saɓule, amma ta hagu kawai, ɓarin dama lafiya lau. Ko kunu ba ta iya sha sai da hawaye. Yayata da gwaggonmu sun ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, wai maiɗakina ce ta zuba mata wani abu a abinci, tunda ita ke yi mata girki. Maiɗakin nawa tana da ciki wata 4, ita ke jinyar Inna, kullum sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. An ce in kai Inna wurin mai magani a wani gari, an kuma ce in tura matata gidansu. Na rasa inda zan sa kaina.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya sauki maiɗakinka lafiya.

Yau ɗin nan ka nemi abin hawa ka kai Inna babban asibiti. Kada ka bari sai gobe, kada ka jira a gama shawarar dangi. Na sa wannan a gaba ne don ko a nan ka tsaya da karatu, ka tafi da abin da ya fi komai amfani. Wanda zai tabbatar da ciwon shi ne likitan da zai buɗe bakinta ya duba, amma abin da ka zayyana, tun daga ciwon haƙorin da ya riga ƙurajen zuwa har tsayawarsu a ɓari guda, ya yi daidai da wani sanannen ciwo da ake kira zosta a asibiti. Yana da magani, kuma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Ka ce shekaranjiya suka fito. Ka ga ke nan yau ce rana ta uku.

Asalin ciwon ƙarambau ne, wanda wasu ke kira farankama. Ka tambayi gwaggon taku, in ta girme wa Inna ko sun taso tare, wataƙila za ta tuna shekarar da ya kwantar da yaran gidansu. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, kowa ya manta, amma ƙwayar cutar ba ta barin jiki. Takan lafe a tushen jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ji, na gefen ƙashin baya da na cikin kai, kamar garwashin da toka ta rufe. Tana iya yin shekara 50 ko 60 a haka ba ta motsa ba, saboda garkuwar jiki ta danne ta. Ranar da garkuwar ta yi rauni, ko don tsufa, ko don wata cuta, ko don wani magani da ake sha, sai ta farfaɗo ta biyo jijiya guda ɗaya har zuwa fata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 3 a ƙasar zai yi wannan ciwo a tsawon rayuwarsa, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. A mafi yawan mutane a haƙarƙari ko ƙugu yake fitowa, ya zagayo daga baya zuwa ciki ta gefe ɗaya. Shi ne za ka ji a ƙauye ana cewa gizo-gizo ya yi wa mutum fitsari. Fitowarsa a baki ba ta kai haka yawa ba, shi ya sa in ya zo ta nan yake rikita mutane.

Kowane ɓari na fuska yana da babbar jijiyarsa mai rassa uku. Reshen sama na kula da goshi da ido da karan hanci. Na tsakiya na kula da kunci da leɓen sama da ganɗa da haƙoran sama. Na ƙasa kuwa shi ne na haɓa da leɓen ƙasa da gefen harshe da dasashi da haƙoran ƙasa, ya haura har gaban kunne. Ka sake karanta wuraren da ka lissafa mini a wasiƙarka. Babu ko ɗaya da ya fita daga yankin reshen ƙasa na hagu.

Ina so ka yi wani abu kafin ku kama hanya, ba zai ci maka minti biyu ba. Ka kira yayarka, ka ɗauki tocila, ka roƙi Inna ta fito da harshenta a hankali. Za ku ga miki ƙanana-ƙanana masu jan baki sun taru a gefen hagu, wasu sun haɗe sun zama ɗaya, amma da sun iso tsakiyar harshe sai su tsaya cak. Ku dubi leɓe da haɓa, nan ma haka, ƙurajen sun zo tsakiya sun tsaya, ba su ƙetara ba. Dalili shi ne jijiyar hagu iyakarta tsakiya, daga nan ta dama ta karɓa. To ka tambayi yayarka cikin ladabi: wane abu ne za a zuba a kunu ko a miya, mutum ya kurɓa ya cika bakinsa, abin ya ƙona hagu ya bar dama? Kuma ta yaya abin da aka haɗiye zai fito a haɓa da gaban kunne, inda abinci bai taɓa ba, ya bar maƙogwaro da ciki inda ya wuce? Abin da aka ci ba ya bin layin jijiya. Wannan ciwon daga jikin Inna ya taso, ƙwayarsa tana tare da ita tun kafin a haifi matarka.

Maganar haƙori kuma, kada ka dame kanka da zargi. Kafin ƙurajen su fito, ƙwayar cutar na fara kumbura jijiyar, mutum ya yi kwana 2 zuwa 5, wani lokaci fiye, yana jin zugi da raɗaɗi da tsikari ba tare da an ga komai ba. Da yake jijiyar da ta kamu ita ce ta haƙoran ƙasa, Inna gaskiya ta faɗa da ta ce haƙori ke mata ciwo, haka take ji. Ko likitocin haƙori wannan mataki yakan ruɗe su. Abin da nake roƙo shi ne kada a sake cire mata wani, ko da ta nuna na kusa da shi ta ce shi ne. Ka kuma gaya wa likita cewa a kasuwa aka cire, don ya duba ramin ko ya yi mugunya ko an bar guntun saiwa, ya kuma yi tunanin allurar tsinkau-tsinkau da gwajin ciwon hanta, tunda ba a san yadda aka wanke ƙarfen ba.

Yawanci da ido da tambaya likita ke gane zosta, ba sai an yi wani gwaji mai tsada ba. Zai dai bambanta shi da 'yan uwansa masu kama: ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda ƙanana ne kuma sukan dawo wuri guda, farin dabbare-dabbaren da ke kankaruwa a harshe, ƙurjin haƙori mai kumbura kunci, da kuma saɓulewar baki da wasu magunguna ke jawowa, wadda ke cin ɓari biyu har da ido. Inda aka yi shakka, a manyan asibitoci ana dangwalo ruwan ƙurjin a kai ɗakin gwaji. Gwajin da ya kamata ka yarda a yi mata ko da likita ya gane ciwon da ido su ne na suga, na ƙoda, da na cuta mai karya garkuwar jiki. Kada wannan na ƙarshe ya ɓata maka rai. Gwaji ne da aka saba yi wa wanda ya zo da wannan ciwo, kuma a shekarun Inna tsufa kaɗai ya isa ya tayar da ciwon.

Ga wata tambaya da nake so ka bincika a ɗakinta. Tsofaffinmu da yawa na shan ƙwayoyin ciwon gwiwa da na baya da masu talla ke haɗawa a ƙulla a leda, babu suna babu kwali. Sau da yawa a cikin haɗin nan akwai dexamethasone ko prednisolone, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Suna kwantar da ciwon gaɓoɓi nan take, amma in an daɗe ana sha suna raunana garkuwar jiki, su tayar da suga, su buɗe wa irin wannan ciwo ƙofa. Ka duba ƙarƙashin matashinta da cikin kwallarta, duk abin da ka samu ka tattara a leda ka tafi da shi asibiti, har da wanda kuka sayo a kemis. In ta daɗe tana sha, kada ka ƙwace ka hana ta rana ɗaya, don tsayar da irinsu kwatsam na da haɗari. Likita ne zai tsara yadda za a rage.

Babban maganin shi ne asaikulobiya, wanda a jikin kwali ake rubuta acyclovir. Ga babba mai lafiyayyar ƙoda, awon da aka saba shi ne miligiram 800, sau 5 a rana, tsawon kwana 7. Akwai ɗan'uwansa valacyclovir da ake sha miligiram 1000 sau 3 a rana, ya fi sauƙin bi amma ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Maganin ba ya fitar da ƙwayar cutar daga jiki. Hana ta hayayyafa yake yi, sai sababbin ƙuraje su daina fitowa, mikin ya yi saurin warkewa, zugin ya yi sauƙi. Shi ya sa kwanakin farko suke da daraja. In kuma kun isa bayan awa 72 sun cika, kada ka ce an makara ka fasa. Ga tsoho, ga wanda ciwon ya kama a fuska, ga wanda har yanzu sababbin ƙuraje ke fito masa, likitoci na bayarwa ko bayan nan.

Na faɗi awon ne don ka gane abin da za a rubuta, ba don ka je kemis ka saya da kanka ba. Ƙoda ce ke fitar da wannan magani, ƙodar tsoho kuwa ba kamar ta saurayi ba, ballantana tsohuwar da ta kwana biyu ba ta shan ruwa sosai. In ƙodar ta yi rauni aka ba ta cikakken awo, yana iya taruwa a jiki ya rikitar da ita. Don haka likita ne zai ce nawa. Abin da na fi ganin yana ɓata wannan jinya shi ne yawan ƙwayoyin. In ƙwayar miligiram 200 aka samu, a cikakken awo guda 4 za ta sha a lokaci ɗaya, 20 a rana, 140 a mako. Sai wani a gida ya ga tulin magani ya ce ai wannan kisa ne, a mayar da shi ɗaya da safe ɗaya da dare, maganin ya zama bai yi komai ba. Ka tambayi mai ba da magani ya rubuta maka a jikin ledar guda nawa, sau nawa. Lokutan kuma ka ɗaure su da abin da Inna ta sani: bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, gab da magariba, sai lokacin kwanciya, wato kusan kowace awa 4 ban da tsakar dare. Kowane sha da kofin ruwa cike. In tana azumin Litinin da Alhamis, ta dakata har ta warke. In haɗiyar ƙwayar ta gagara saboda mikin baki, ka faɗa tun a asibiti, akwai mai narkewa a ruwa, kuma in abin ya yi tsanani sai a kwantar da ita a ba ta ta jijiya tare da ƙarin ruwa. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kafso ja da baƙi da su Ampiclox ba sa taɓa wannan ƙwayar cuta ko kaɗan, sai dai in likita ya ga mikin ko ramin haƙorin ya yi mugunya ya rubuta. Acyclovir na shafawa ma ba ya maye gurbin na sha.

Zugin zosta ba ƙarami ba ne, kada a ce Inna raki take yi. A fara da farasitamol, ƙwaya 2 ta miligiram 500 duk awa 6, kada a wuce 8 a yini da kwana, in kuma ba ta da jiki likita zai rage. Su ibuprofen da diclofenac a yi hattara da su ga tsoho, musamman mai olsa ko hawan jini ko matsalar ƙoda, ga shi kuma cikinta babu abinci. In farasitamol bai isa ba, akwai masu ƙarfi da kuma na ciwon jijiya da likita zai ƙara, akwai kuma maganin da ake shafawa a mikin baki ya kashe zafin na ɗan lokaci kafin cin abinci. Ka tambaya.

A gida, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ta kurkure baki ta zubar, sau 4 ko 5 a rana, musamman bayan cin abinci. Abinci mai laushi da ya huce: kunun gyaɗa, kamu da aka dama ba tsami, dafaffen ƙwai, ayaba da aka murƙushe, faten dankali, tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji. Kunun tsamiya da zoɓo da lemun tsami da nono mai tsami da shayi mai zafi duk a ajiye su tukuna, haka goro. A ba ta kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali ta gefen dama, a ɗan karkatar da kanta can. Gara ludayi 2 duk bayan awa ɗaya da a cika mata kwano sau biyu ta kasa. Ka riƙa lura da fitsarinta. In ya ragu sosai ko ya yi duhu, ruwan jikinta ya yi ƙasa, ba a jira da wannan. Ƙurajen waje a wanke su da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙamshi, a bari su sha iska, kada a fasa su. Kanwa, toka, man goge baki, ruwan batir, garin ƙwayar magani, saƙe-saƙin da ba a san mene ne ba, kada ko ɗaya ya taɓa mikin nan. Ƙuna za su ƙara mata a kan ƙuna. Addu'a da tofi kuwa a ci gaba da su dare da rana, babu abin da suka hana, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Akwai alamomin da in ka ga ɗaya daga cikinsu, ko da tsakar dare ne, ku koma. Bakin Inna ya karkace ko idon hagu ya ƙi rufuwa. Ƙuraje a cikin kunne tare da jiri ko raguwar ji ko ƙara a kunnen. Wannan na nufin cutar ta taɓa jijiyar da ke motsa fuska, abin da wani likitan Amurka, James Ramsay Hunt, ya bayyana a 1907, kuma saurin fara magani shi ke ba fuskar damar komawa daidai. Na faɗa maka tun yanzu ne don in ya faru kada a ce iska ce ta buge ta. Sai kuma ƙurji a goshi ko a kan hanci, ko jan ido da ƙin haske: wannan aikin likitan ido ne a ranar, don zosta na iya makantarwa. Sai zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, sambatu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ƙuraje su bazu a sauran jiki. Ku fara da babban asibitin Ringim, shi ya fi kusa da ku. In ana buƙatar gaba, su za su tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai sassan haƙori da na kunne da na ido.

Yanzu maiɗakinka, kuma a nan ina so ka nutsu sosai, don akwai abu biyu da suka sarƙe.

Na farko lafiyarta. Inna ba za ta sa wa kowa zosta ba, amma ruwan ƙurajen da yawun bakinta na ɗauke da ƙwayar ƙarambau, kuma wanda bai taɓa yin ƙarambau ba zai iya ɗauka ya yi shi bayan kwana 10 zuwa 21. A ƙasashe masu zafi irin namu, akwai manya da dama da suka girma ba su taɓa yi ba. Ƙarambau ga mai ciki ba abin wasa ba ne, yana iya sauka a huhunta, yana kuma iya cutar da abin da ke cikin, musamman a watannin farko har zuwa wajen na biyar, da kuma dab da haihuwa. Yau ka sa a kira surukarka a waya a tambaye ta ko 'yarta ta yi ƙarambau tana ƙarama. In ta tabbatar ta yi, hankali ya kwanta da yawa. In ba ta yi ba, ko an kasa tunawa, ka tafi da ita asibitin tare da ku ko ta je wurin awo gobe, ta faɗa musu ƙarara cewa ta yi jinyar mai zosta, akwai kariyar da ake bayarwa in an je da wuri. Ko ma dai yaya, daga yau ta daina goge wa Inna baki, ta daina wanke tsummanta da kofinta da cokalinta, har sai ƙurajen waje sun bushe sun yi ɓawo, mikin baki ya rufe. Yawanci bushewar kan ɗauki kwana 7 zuwa 10, warkewa gaba ɗaya mako 2 zuwa 4. Jarirai da jikokin da ba su yi ƙarambau ba su ma a janye su daga ɗakin, a ware wa Inna kofinta da kwanonta da butarta. In wani yaro ya yi ƙarambau nan da mako biyu ko uku, daga nan ne, kuma kada a ba shi asfirin.

Na biyu mutuncinta, kuma ga inda haɗarin yake. In matarka ta janye daga ɗakin Inna ba tare da bayani ba, gobe za a ce ga shi nan, asirinta ya tonu ta kasa haɗa ido. In ka tura ta gidansu a wannan hali, ka sa hannu ke nan a kan zargin, kuma ko bayan Inna ta warke tabon ba zai goge ba, har ɗan da ke cikin nan sai ya taso ya ji ana faɗa. Don haka kada ka tura ta. Kai da bakinka za ka tara su ka ce likita ya hana mai ciki taɓa mikin saboda jaririn, kuma jinyar ta koma hannun yayarka, in ta taɓa yin ƙarambau. Girki kuwa a ra'ayina ta ci gaba da yi. Ka zuba naka daga tukunyar da aka zuba wa Inna, a gabansu, kai kuma ka kai wa mahaifiyarka nata da hannunka.

Ba na so ka ɗauki yayarka da gwaggonka a matsayin abokan gaba. Sun ga uwa tana hawaye, an cire haƙori bai yi ba, an sha magani bai yi ba, sannan fuska ta feso ta gefe guda. Tsoro ne ya sa suke neman wanda za su ɗora wa. Amma tsoro bai halatta a jefi baiwar Allah da laifin da ya kai neman rai ba, kuma su ma sun san zato zunubi ne. Gardama a tsakar gida ba za ta kai ka ko'ina ba, kai ƙane ne kuma ɗa. Abin da ya fi shi ne ka ce wa yayarka, "Yaya, ke za ki raka mu, ke kika fi sanin yadda ciwon ya fara." Ta shiga ɗakin likita da ku, ka roƙe shi ya faɗi sunan ciwon da asalinsa da Hausa a gabanta. Gwaggo kuma ka nemi wanda take jin nauyinsa, baffanku ko limamin unguwa, ka fara yi masa bayani shi kaɗai, shi ya san yadda zai shigar mata. Kuma kada ka manta da Inna kanta. A wasiƙarka ba ka ce ita ta zargi kowa ba. In ta ɗan samu sauƙi ka zauna kusa da ita ka gaya mata abin da likita ya ce, don kalma ɗaya daga bakinta ta fi naka goma a wurin 'yarta da 'yar'uwarta. Daren yau kuma, bayan kun dawo, ka shiga wurin matarka ka gaya mata cewa kai ba ka taɓa zarginta ba. Kada ka ɗauka ta sani. Mace mai ciki da ke jinyar surukarta tana kuka a ɓoye tana buƙatar ta ji wannan da kunnenta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata duk gidan su ji tun yanzu, tun kafin ya faru. A wasu mutane ƙurajen na warkewa tas amma zugin ya ƙi tafiya, ya yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, saboda jijiyar ta ji rauni. Ƙiyasin CDC shi ne mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi zosta, kuma yawan shekaru na ƙara yiwuwarsa. Za ka ga fata lafiya lau, amma gefen mayafi ya taɓa haɓa ko iskar hunturu ta buga, Inna ta yi ƙara. Wannan ne lokacin da maganar sammu ke dawowa da ƙarfi, a ce ai ga asibitin an je ba a warke ba. In ka riga ka sanar da su, ranar da abin ya zo za su tuna an faɗa. Farasitamol ba ya yi wa irin wannan zugin sosai. Magungunansa daban ne, irin su amitriptyline da gabapentin, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sukan ɗauki mako biyu ko fiye kafin a ji daɗinsu, don haka kada a yar da su a kwana uku. Suna sa barci da jiri, tsoho na iya faɗuwa in ya tashi fitsarin dare, sai a sa wani ya riƙa kwana a ɗakinta a kwanakin farko, a ajiye mata fo da tocila kusa da gado.

Bayan ta warke, ku je wurin likitan haƙori na asibiti ya duba ɓarin nan. Ba kasafai ba, amma zostar muƙamuƙi takan raunana ƙashin da ke riƙe da haƙora, su fara girgiɗi bayan makonni. Duk mikin da ya wuce mako 3 a baki bai rufe ba shi ma a koma da shi, a tabbatar ba wani abu ne daban ba. Rigakafin zosta akwai shi, Shingrix, an amince da shi a Amurka a 2017, allura 2 ce ga masu shekara 50 zuwa sama, sai dai ba ya cikin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta a nan, kuma ba a yin sa ana tsakiyar ciwo. Wannan maganar ta jira sai Inna ta miƙe, ka tambayi likitan da ya duba ta.